A Tura Gaba, Lawali

Maƙwabtana a nan Sakkwato sun gama yanke mini hukunci. Mace mai 'ya'ya, malamar firamare, da ta sauke tukunyar yamma sai ta ɗauki waya ta kafa ido a kan 'yan Canis suna tsalle bisa rufin ɗaki da takubba. Na ji wata tana cewa girma ne ya zo mini da gardama. Na bar ta da zatonta, don ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Fina-finan Taiwan nake nema, masu daɗin kallo, kuma ba don kaina ba. Yayana Lawali yana daji a hannun 'yan bindiga, kuma abin da ya sa suka bar shi da rai har yau shi ne yana kunna musu fim yana fassara musu. Ranar da fim ya ƙare, ko ya daina yi musu daɗi, na san abin da zai biyo baya, faɗarsa ce ba na so.

In ina wannan nema, Inna ce ke yawan faɗo mini a rai, kakarmu ta wajen uba. A gidanta muka tashi, a wani ƙauye gefen Burkusuma, inda in ka ɗan yi nisa da kiwo sai ka tarar kana Nijar ba ka sani ba. 'Yar ƙaramar mace ce, zanen Gobir ya nutse cikin tamojin kumatunta, bakinta kuwa ya fi jikinta ƙarfi. In an gama girbi ɗari ya shigo, tsakanin magariba da lisha takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Hayaƙin karan dawa yana sa hawaye, amma ba mai matsawa baya, don wanda ya matsa ya rasa gyaɗa.

Tana da wata doka da duk unguwa ta sani: in rana ta faɗi, ba ta ba kowa garwashi. A lokacin ashana ba ta wadata ba, mata kan aiki juna ɗiban wuta da ɗan kasko, kuma ba a hanawa. Inna kaɗai ke hanawa. Ana ce mata marowaciya a bayan ido, ita kuwa ko a jikinta.

Lawali ya girme ni da nisa. Tun yana saurayi yake shiga Maradi a babur da 'yan fatauci, daga can ya dawo da talabijin, da bidiyo, da wani janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ya kewaye fili da zana a bayan kasuwa, ya zama gidan kallon garinmu. Ba ya karanta abin da ke jikin kaset, hoton bango yake dubawa ya saya. Amma yana da ido. Wani mai shago a Maradi ya gaya masa cewa ba duk Canis ne ɗaya ba, akwai na wani tsibiri da ake kira Taiwan, kuma tun daga nan Lawali ya ɗauki sunan ya rataya a wuya. A wurinsa, in ka ga duwatsu da kurmin gora, da tsoho mai farar gira har kunne, da mace mai takobi biyu, to na Taiwan ne, kuma ba ya da na biyu. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, babu mai musa masa, tunda shi ke da janareto.

Mu mata ba ma shiga gidan kallo. Duk fim ɗin da na sani a yarinta daga bakin Lawali na gan shi, a gefen wutar Inna. Yana nuna fim da la'asar, ya dawo da magariba yana warin fetur, ya tsuguna ya ba mu labari da hannu da ƙafa, har wata rana ya harbe butar alwalar Inna yana kwatanta yadda akta ya gama da bos.

Sai dai gidan kallon yana da al'adarsa. Fetur kaɗan ne, kuma ba mai jin yaren mutanen. Saboda haka da zarar an daina faɗa an zauna ana magana, sai 'yan kallo su ɗau ihu, “A tura, Lawali, a tura gaba.” Shi kuma ya danna rimot, mutane su yi ta wulgawa da sauri har a iso inda aka zare takobi. Haka ake kallon kowane fim a garinmu. Mun san wa ya kashe wa, ba mu taɓa sanin dalili ba, kuma bai dame mu ba.

Wata magariba ya dawo fuska a murtuke. Inna, wadda ke kiransa maigidanta don tsokana, ta dube shi ta ce, “Maigida, wa ya taɓa min kai?”

“An cuce ni Maradi, Inna. Kaset ɗin ga ba komi cikinai.”

“Ba komi ƙaƙa?”

“Gida na guda, cike da mutane, suna cin abinci. Anka ce in tura, nit tura. Ga wani baƙo ya shigo ana zuba mai shayi, nit tura. Ga wata tsohuwa tana shanya, nit tura. Har kaset yaƙ ƙare ko mari ba a yi ba. Saura kaɗan su hwasa min talabijin.”

“Ƙarshe hwa?”

“Ƙarshe gidan na dai, ba kowa ciki. Ƙohwa buɗe.”

Inna ta daina tona gyaɗa. Ta dube shi ta ce, “Gida cike da mutane, kar ruhe ido kab buɗe ba kowa, kuma kac ce ba a yi komi ba? Ina sunka tahi?”

“Ni ina zan sani, ba mu jin yarensu.”

“Kunnuwanku na ba su ji. Idanunku hwa, su ma yare suka jira?”

Muka yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta gyara zama, ta tura wani kara cikin wuta, ta ce da mu yadda ta saba buɗe tatsuniya, “Ga wata nan tahe, ku matsa mata wuri.” Muka amsa, “Ta zauna mu ji ta.”

Wai an yi wani gari mai ganuwa, ƙofarsa ɗaya. Tun kakanni ake faɗa musu cewa wata rana wani abu zai zo ya cinye garin. Sai suka samo ƙaton da ya fi kowa ƙarfi suka zaunar da shi a ƙofa da mashi, suna kai masa tuwo safe da yamma. Aikinsa ke nan, wasa mashi da kallon hanya. Mutanen gari suka yi ta barci da munshari.

Ran nan da faɗuwar rana sai ga wani mutum ramamme da ɗan kasko a hannu. Ya yi sallama, ya gaida ƙato da kyau. Ƙato ya ce, “Kai ne abin da zai ci gari?” Mutumin ya ce, “Ni? Wuta nake nema.” Ƙato ya dube shi sama da ƙasa, bai ga kaho ba, bai ga haure ba, ya matsa masa. Mutumin ya shiga gidan farko, aka zuba masa garwashi. Ya yi godiya, ya tambayi sunan mai gida, ya tambayi ɗan wa ke wasa can, ya sa albarka ya fita. Da safe matar gidan ta hura murhu ya ƙi kamawa. Ta canza ice, ya ƙi. Ta ɗebo wuta a maƙwabta, tana tsallako ƙofarta ta mutu.

Kashegari ya dawo, ya shiga gida na biyu. Su ma suka ba shi, don garwashi ɗaya ba ya rage wuta. Haka ya yi ta bi gida gida, kullum da sallama, kullum da godiya. Can cikin daji kuwa aka fara hango wani ja-ja da magariba, yau ƙarami, gobe ya ɗan ƙaru. Wasu suka ce mafarauta ne. Wasu suka ce ai in da wani abu ne da ƙato ya gani.

A nan Inna ta rage murya, har sai da muka matso. Ta ce ranar da murhun ƙarshe ya mutu, gari ya yi sanyi, yara suna kukan yunwa, ga kuma wuta can a daji tana ci har sama ta yi ja. Ba wanda ya kore su. Da ƙafarsu suka tashi, gida gida, suka bi ta ƙofa suna gaida ƙato, suka nufi wutar, kuma ba wanda ya dawo. Wata tsohuwa ce ta ƙarshe. Da ta zo wucewa ƙato ya tsayar da ita, mashinsa na walƙiya, ya ce, “Iya, har yanzu abin nan bai zo ba?”

“Nan ta tsaya,” in ji Inna. “Wanda yaj ji tsoro shi matso.”

Ni ce na fara matsawa. Tsoro na ji sosai, irin wanda ban taɓa ji ba a tatsuniyar dodo, don dodo ana ganinsa a gudu. Wani ƙanenmu ya tambaya, “Ba a yi faɗa ba?” Inna ta ce ba a yi ba. Lawali ya yi dariya ya ce, “Inna, wagga da kaset ta, da an tura ta.” Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa ta ce, “Shi ya sa nib ba ka ita da baki, angon banza. Baki ba shi da rimot.”

Dariyar tasa ba ta kai ciki ba. Kashegari da hantsi ya ƙona fetur ɗinsa shi kaɗai, ya kalli kaset ɗin nan na Maradi daga farko har ƙarshe. Da na tambaye shi abin da ya gani, cewa ya yi har yanzu bai gane ba, amma dai baƙon nan ya dawo sau da yawa.

Daga ranar ya daina turawa. Da 'yan kallo suka fara ihu, sai ya rage ƙarar talabijin ya ɗora tasa muryar. Bai san kalma ɗaya ta yarensu ba, fuska yake karantawa ya ƙirƙiro magana. Tsoho mai farar gira ya koma yin Gobiranci tsantsa, yana zagin almajirinsa da irin zagin Inna. Bos ya ɗauki muryar wani mai awon hatsi da kowa ya sani. Mutane suka manta da “a tura”, har daga Kurawa ake zuwa a babur don a ji fassarar Lawali. Inna ta rasu tana alfahari da shi, ko da yake ba ta taɓa leƙa bayan zanan nan ba.

Shekaru suka tafi. Aka yi mini aure aka kai ni Sakkwato, kaset ya koma faifai, faifai ya koma memori. Lawali ya sa sola, ya sayi kwamfuta, ya buɗe shagon caji da tura fim a waya, da yamma kuma a yi kallo kamar da. A lokacin ne aka fara jin labarin 'yan bindiga a ƙauyukan gabas da mu. Samarin garinmu suka haɗa kai, suka kafa gadi a bakin hanya da bindigogin gargajiya, suna jiran ranar da za a kawo hari.

Harin bai zo ba. Abin da ya zo wasu baƙi ne, bibbiyu a babur, fuska naɗe da rawani. Burodi suke saya, da fetur, su ba da cajin waya. Ba sa ciniki, kuma suna da gaisuwa. Sukan tambayi gidan wa ye mai kwano can, da ɗan wa ye ke karatu a birni. A wani ƙauye kusa an yi mai shagon da ya ƙi karɓar wayoyinsu, aka tsince shi a gonarsa. Daga nan ba wanda ya sake ƙi.

Na je wani bikin suna a gida na gan su da idona, ta wata ɓarakar zana. Suna zaune a benci na gaba, bindigogi bisa cinya, suna ƙyaƙyata dariya, yayana yana tsaye gefen talabijin yana muryar tsoho. Da ya shigo gida na ja shi gefe.

“Yaya, waɗanga masu ɗiban wuta na.”

“Na sani, Balki.”

“To mi kaka jira? Ka taho Sakkwato.”

“Za ni taho. Bari a cire amfanin gona.” Sannan ya ce, “Ke da kika riƙe da tatsuniyar Inna, kin taɓa jin inda tac ce wani ya hana shi wutar?”

Haka na koma Sakkwato na bar shi. Ya tura matarsa da 'ya'yansa garin Isa wurin danginta, shi ya tsaya jiran gero.

Da hantsi baƙin nan suka zo, ranar kasuwa. Suka yi sallama, suka ce babbansu ya ji labarinsa, yana so ya yi kallo. Su da kansu suka taya shi sauke sola, suka naɗe kwamfutar da bargo don kada ta bugu, suka ɗaure bisa babur. Ya kulle shago, ya ba maƙwabci mabuɗi. Ko harsashi ɗaya bai tashi ba. Samarin da ke gadin hanya sun ga wucewarsu, har ya ɗaga musu hannu. Da muka aika a tambayi abin da suke so a sake shi, suka ce ba kama shi suka yi ba, baƙonsu ne.

Jefi-jefi sukan bar shi ya kira ni, in an hau tudu inda waya ke kamawa. Maganarmu ba ta wuce fim, don akwai mai tsaye kusa da shi. Ni ke nemowa in zuba a memori, in ba direban motar Isa, daga can wani mai babur ya shiga da shi. Na Indiya ba su da amfani gare mu, tunda suna zuwa da fassarar Hausa a jikinsu, ba sa bukatar Lawali. Na Taiwan ne ba wanda ya damu ya fassara, kuma tun farko ya sabar musu cewa su ne sarakunan fim.

Sai da na shiga nema na san ashe Taiwan ɗin fim iri biyu take yi. Masana fim, in ka tambaye su, masu shiru suke fara jero maka, irin wanda ya kusa jawo a fasa talabijin ɗin yayana: iyali a kan abinci, jirgin ƙasa yana ratsa gonakin shinkafa, 'yan makaranta a kan keke, a daɗe ba a ce uffan ba. Na kalli wasu, akwai wanda ya sa ni kuka ban san me aka ce ba. Da a wata rayuwar ce da su zan zauna ina kallo. Amma ni tsofaffin nake bi, masu takobi da ramuwar gayya, kuma kowanne sai na kalle shi kaf kafin in aika. Da yawansu suna ƙarewa ne da mutanen ƙauye sun taru sun kashe shugaban ɓarayin dutse. Irin waɗannan gefe nake ajiye su, don ban san iya inda bakin Lawali zai iya juya labari ba.

Muna yara mun ɗauka darasin Inna shi ne kada ka ba baƙo wuta. Da na girma na ɗauka cewa take yi mu daina kallon ƙofa kawai, mu dubi wanda ke shigowa da sallama. Yanzu ban tabbata darasi take ba mu ba. Tsohuwa ce da ta ji labaran yaƙin Gobir daga nata kakannin, ta san akwai lokacin da gani ba ya hana komai, sai dai ya sa ka san abin da ke cin ka. Abin da ke ci mini rai shi ne maganarta ce ta sa Lawali ya daina turawa ya koyi fassara. Fassarar ce ta kai shi daji, kuma ita ce ke riƙe da shi a can. Wani lokaci ina jin haushin Inna, wani lokaci ina yi mata addu'a, duk a zama ɗaya.

Kiransa na ƙarshe ya zo ina tsakiyar aji. Na fita bayan makaranta na ɗauka, da ƙyar na gane muryar. Ta dishe, tana fita kamar ana jan kara a ƙasa, ga tari yana katse shi.

“Balki, wanga karon ki turo masu hwaɗa zalla. Waɗanda ba a magana. Maƙoshina na, in na huta kwana kaɗan za shi sake.”

“Yaya, tun yaushe?”

“An kwan biyu. Ki dai turo.” Na ji wani ya yi magana kusa da shi, wayar ta mutu.

Na koma gida na zauna da maganar. Ina da irin waɗanda ya nema, faɗa tun daga farko har ƙarshe, ko kurma zai gane. In na aika su, muryarsa za ta huta. Amma mutanen nan za su zauna su kalli fim su ji daɗi, Lawali yana gefe bai ce komai ba, kuma a cikinsu ba a rasa wanda zai lura cewa kallo na yiwuwa ba tare da shi ba. In kuma na aika masu magana, zai tsaya gefen kwamfuta ya matse abin da ya rage a maƙoshinsa, ya kai ko kada ya kai. Mijina ya ce in yi abin da Yaya ya ce, shi ke wurin, shi ya san halin da yake ciki. Na ce shi ke wurin, amma ciwo ne ke magana da bakinsa.

Ban taɓa saɓa wa Lawali ba tun ina ƙarama, sai ranar. Na zaɓi waɗanda rabinsu zance ne, malami da almajiri, dattawa a kan shayi, faɗa sai can ƙarshe. Na ƙulle memorin a leda, na haɗa da kwalbar zuma, da citta, da kanumfari, na kai tasha da kaina na damƙa wa direba. Ya kira ni daga Isa ya ce mai babur ya karɓa.

Tun ranar nake shiga aji da waya a hannu, abin da nake hana ɗalibaina. Har yau ba ta yi ƙara ba.